Mashayar Kawu

Garinmu yana bakin kogi, gabas da Ringim. In ka sauka daga kwalta sai ka hau babur ka ratsa gonakin gero kafin ka hango rufin masallacin Juma'a. Ni aiki ya ajiye ni a Dutse shekaru da dama, ina ofis ina juya takardun mutane, sai ƙarshen mako nake shiga bas in je in duba Inna. Duk zuwan da zan yi sai na ga kamar kogin ya ƙara matsowa gari. Ba ruwa ne ya ƙaru ba, gaɓa ce take zubewa.

Da muna yara bakin kogin nan duhu ne. Giyayya da baure da malmo sun yi layi, saiwoyinsu a cikin ruwa, kifi yana ƙwai a ƙarƙashinsu, zalɓe yana tsaye yana jiran rabonsa. Sai aka fara sara ana yin itacen girki. Noman rani kuma ya zo da injin ban ruwa, kowa ya tura gonarsa har bakin gaɓa don kada ko taku ɗaya ya tafi a banza. Ƙasa ta rasa abin da zai riƙe ta. Da damina sai ta dinga gutsurewa tana faɗawa ruwa, da takin zamani da maganin feshin da ke cikinta. Ruwan ya koma ja, sai ya kwana a randa kafin a iya sha, masunta kuma suka koma sayar da rake.

Ni ruwa biyu ce. Mahaifina malami ne, gidanmu gidan allo ne tun kakanni, da ya rasu ƙanensa ya karɓi makarantar da limancin gari. Shi ne Baffa. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka tun ina rarrafe bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata, kuma wannan ya sa nake faɗa masa abin da ko manyan 'ya'yansa ba sa iya faɗa. Inna kuwa Bafulatana ce. Danginta duk sun watse, wasu sun yi kudu da shanu, wasu sun shiga birni sun zama 'yan kasuwa da ma'aikata, saura ƙanenta guda, Kawu, da rugarsa a bayan gari. Burtalinsa yana sauka kogi ne a wata mashaya mai sauƙin gangare, daidai gefen gonar Baffa. Duk ranar kasuwa Kawu yakan biyo ta wurin Inna da ɗan man shanun da matarsa ta aiko, su zauna a tabarma suna Fillanci ƙasa-ƙasa, ita da ciwon ƙafa ya hana ta zuwa ko'ina. Abin da ya rage mata na gidansu ke nan.

A ofis na ji labarin tallafin. Wata abokiyar aikina ce ta ce akwai wata gidauniya da take neman garuruwan bakin kogi da za ta taimaka wa su gyara gaɓa, ruwa ya yi kyau, kifi da tsuntsaye su dawo. Ban tsaya jin ƙarshen zancen ba. Ni dama haka nake, in abu ya shiga raina ba na barci, ba na kuma barin kowa ya yi. Na je gida na tayar da ƙura, aka kafa ƙungiya, aka sa wani mai shagon taki ya zama shugaba, aka naɗa Baffa uban ƙungiya, dagaci ya sa albarka. Na rubuta, na kai, na yi ta sintiri a adaidaita tsakanin ofishinmu da nasu har masu gadi suka laƙaba min Hajiyar kogi. Ranar da aka kira ni aka ce garinmu ya samu, guɗa na yi a tsakiyar ofis, shugabana ya leƙo yana tambayar wa ya haihu.

Tallafin ya iso bayan girbi, ruwa ya fara ja da baya. Mota ce guda cike da dashe a baƙaƙen ledoji, giyayya da malmo da baure da tsamiya da mangwaro, sai baro da bokitai, da riguna da huluna masu tambarin gidauniya. Gaskiya rigunan sun fi dashen farin jini. Ranar aiki samarin gari suka fito cikin rigunan, kore shar, suka ja igiya tun daga bayan makabarta har mashaya, suka bi bakin gonar kowa suna haƙa suna dasawa a jere. Aka kafa babban allo na ƙarfe mai sunan ƙungiya da na masu tallafi. Dattawan da suke da gonakin suna tsaye daga nesa, hannu a baya, duk wanda na gaisar sai ya ce Allah ya sa alheri. Na koma Dutse ina jin kaina a sama.

Zuwana na gaba, layin ya yi giɓi. Na bayansa, giɓin ya fi dashen yawa. Kafin sanyi ya wuce babu abin da ya rage sai ramuka da allon ƙarfe. Ba a sha wahalar neman mai laifi ba, don a ƙasarmu in an yi ɓarna a gona, tun kafin a duba sawu an riga an san sawun wa za a gani. Shanun Kawu ne suke sauka wurin, saboda haka shanun Kawu ne. Na roƙi masu tallafi suka ƙaro wani dashen, muka kewaye kowanne da ƙaya. Shi ma ya bi sahun na farko, aka tarar da ƙayar a ture gefe guda. Sai aka ce to ai ga shi, Fulanin ne suke janye ƙaya da sanda don shanunsu su ci.

Cikin azumi aka yi taro a ƙofar gidan dagaci. Ba a ce in zauna cikin maza ba, amma tunda ni ce mai kai da kawo aka shimfiɗa min tabarma a bakin zaure ina ji. Na faɗa musu abin da jami'in gidauniya ya faɗa min a Dutse, cewa in damina ta kankama babu abin da yake tsaye a gaɓar nan, za su ɗauke tallafin su kai wani gari. Nan wuri ya ɗau zafi. Shugaban ƙungiya ya fi kowa ɗaga murya, ya ce magani ɗaya ne, a toshe mashaya, Fulani su koma can ƙasa su shayar. Can ƙasan kowa ya san shi, ciyawar kacalla ta cinye bakin ruwan, ga laka mai kama ƙafa, saniya in ta shiga sai an jawo ta da igiya. Faɗin haka daidai yake da a ce su bar garin. Dagaci ya ce a bari azumi ya wuce, bayan Sallah zai yanke. Baffa yana zaune yana jan carbi.

Washegari na taka har ruga da ƙishirwar azumi. Na tarar da Kawu yana gyaran igiyoyi, matarsa tana harhaɗa ƙore tana ɗaurewa. Ban buƙaci a faɗa min ba, shirin tashi suke. Na zauna na ce masa ya je ya kare kansa gaban dagaci, ya yi rantsuwa in ta kama. Ya yi murmushi ya ce, "'Yar nan, saniya ganye take ci, ba ta haƙa rami." Na ce to in ba shanu ba ne wane ne, tunda shi kullum yana wurin tun da sassafe. Sai ya dubi sandarsa, ya tambaye ni lafiyar maigidana da yara. Wanda ya san Fulani ya san an rufe zance. Fulako, wato kawaicin nan na Fulani, yana da daɗin yabo, amma ran nan ji na yi kamar in kama Kawu in girgiza shi. Mutum zai kwashe iyalinsa ya bar inda aka binne cibiyarsa don kawai kada ya kama sunan wani.

Da na kai wa Inna labari ba ta yi kuka a gabana ba. Cewa ta yi kawai in Kawu ya tafi, ita da ganin ɗan ɗakinsu sai a lahira. Maganar ta dame ni, don ni na jawo tallafin nan da hannuna, ina murna zan gyara kogi, ga shi zan raba tsohuwa da ɗan'uwanta.

Sallah ta zo cikin tsananin zafi. Al'adata ce washegarin Sallah in bi gidajen dangi da maƙwabta ina gaishe da mata, in kai wa wannan sabulu, in kai wa waccan goro. Gidan Baffa na fara. Na wuce zaure, na shiga tsakar gida ina sallama, sai na tsaya cak. A gindin katanga, inda inuwa take daɗewa, ga dashe a jere, wani a fasasshiyar tukunya, wani a tsohon bokiti, wani a buhun siminti da aka naɗe bakinsa. Malmo, giyayya, baure, mangwaro. Sun yi ganye sun fi yadda aka kawo su tsawo. Ba na buƙatar shaida, da hannuna na sauke su daga mota.

Matar Baffa ta ga inda nake kallo, ta ce ai Malam ne ya kawo su da kansa, da ƙasarsu da komai, ya ce amana ce, kada a bar akuya ta taɓa, kuma duk mai alwala a gidan ya yi a kansu. Ta faɗa ne tana zuba min miyar Sallah, ko a jikinta. Na tambaye ta ko ta san abin da ake shirin yi wa Kawu a kan dashen nan. Ta ce ita ta ina za ta sani, zancen ƙofar dagaci ba ya shigowa madafi.

Na ture tuwon gefe. Na fita na shiga gida na gaba, ga su a bayan rumbu. Na gabansa, ga su kusa da randa. Gidan shugaban ƙungiya, mai cewa a toshe mashaya, har rumfar zana aka yi musu saboda rana. A gidan dagaci uwargidan ta ja ni ta nuna min mangwaronta tana alfahari, ta ce duk unguwar ba wadda ta kai ta iya reno. Duk mai gona a bakin kogi, dashen bakin gonarsa yana cikin gidansa yana shan ruwan wanke-wanke. Matan ba su ɓoye min komai ba, don ba wanda ya ce musu abin ɓoyewa ne. Maza kuwa ba mai shiga gidan wani, iyakarsu zaure, saboda haka kowannensu nasa kaɗai ya sani. Kowa ya cire nasa a asirce, ya dubi ramukan maƙwabcinsa ya ce lallai shanun nan sun yi ɓarna. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, amma ban taɓa ganin gari guda ya hau tudu ɗaya kowa yana hango saniya ba.

Na koma wurin Inna ina huci, na ce yau sai na tona wa kowa asiri a ƙofar dagaci. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in na kunyata limamin gari a bainar jama'a, Kawu zai ci shari'a amma ba zai ƙara shan ruwa da daɗi a garin nan ba. Ta ce in wanke fuskata in je in gaishe da ɗana, tana nufin Baffa.

Na same shi a zaure bayan la'asar, shi kaɗai a kan buzu. Na durƙusa na yi masa barka da Sallah, ya sa min albarka. Na ce na shiga ciki na ga lambunsa, malmon nan ya yi kyau ƙwarai. Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya ɗago kai ya ce:

"Uwata, kin taɓa ganin an dasa itace a gonar aro?"

Na ce ban taɓa gani ba. Ya ce:

"Ba a yi. Mai aro ya shuka gero, ya shuka wake, ya girbe ya tafi. Ranar da ya dasa itace, ranar ya ce gonar tasa ce. In rigima ta kai gaban alƙali bayan duk mun mutu, ba za a tambayi wa ya yi noma ba, wa ya dasa za a tambaya. Ku kuka zo da samari da riguna iri ɗaya, kuka dasa a gonar da kakanki ya bar mana, kuka kafa allo da sunan wasu mutane. Me kike so in karanta a wannan allon?"

Ya ce bai iya karya dashen ba, don itace rai ne, kuma dukiyar jama'a ce, shi ya sa ya kai su gida. Bai kuma iya faɗa min ba, ganin yadda nake rawar jiki, ga shi an sa shi uban ƙungiya. Maganar ta shige ni. Zancen gonar aro ba baƙo ba ne a kunnena, a garin na tashi, zaman ofis ne ya rufe min shi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma ba rabon laifi ne ya kawo ni ba.

Na ce, "Baffa, gonarka kake tsoron a ƙwace, na ji. To Kawu fa? Shi ana shirin raba shi da ruwan da shanunsa suke sha, kana zaune kana jan carbi. Na tabbata ya gan ka da idonsa, ya ƙi kama sunanka saboda kai surukinsa ne. Igiyoyinsa yake gyarawa yanzu haka."

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Baffa ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ya ɗauka nasa kaɗai ya cire, sauran da gaske shanu ne, don haka ya ga ko ya yi magana ba za ta wanke Fulani ba. Sai na fara faɗa masa gidajen da na shiga da abin da na gani. Da na zo kan rumfar shugaban ƙungiya gemunsa ya motsa, da na zo gidan dagaci kuwa sai da ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna girgiza. Da dariyar ta sake shi ya yi istigfari, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce in ba shi lokaci, ni kuma in je in cire masa allon nan.

Cire allo ya fi dasa itace wuya. Jami'in gidauniya mutumin kirki ne, amma shi ma yana da na sama da shi, kuma na saman hoto suke so, samari cikin riga ga allo a bayansu. Na ce masa ya zaɓa, ko allo a tsaye babu itace, ko itace a tsaye babu allo. Na zayyana masa zancen gonar aro tiryan-tiryan. Ashe shi ma ɗan ƙauye ne, daga wajen Aujara, ina cikin magana ya dafe kai ya ce wallahi mahaifinsa ma da haka zai yi. Muka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a kan cewa allo zai koma bakin kasuwa, kowane mai gona shi zai dasa da hannunsa, itacen nasa ne da 'ya'yansa. Ƙungiya iyakarta ta kawo dashe, da ciyawar jema mai dogayen saiwa da za a shuka a bakin gaɓa ta riƙe ƙasa. Abin da aka nema a wurin manoma shi ne kowa ya ja da nomansa baya kaɗan daga ruwa, ya kuma daina wanke kayan feshi a kogi.

Abin da Baffa da dagaci suka tattauna a tsakaninsu ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Na dai ji an ɗage hukunci sai ruwa ya sauka, an kuma aika wa Kawu cewa liman yana roƙonsa kada ya ɗaga kafin nan. Kawu bai tafi ba, bai kuma kwance kaya ba. Ni kuwa a Dutse na zama mai duban sama, in na fito shanya sai in tsaya ina leƙen gabas, har maigidana ya ce ko na canza aiki ne na koma hasashen yanayi ba a faɗa masa ba.

Ruwan farko ya sauka wata Alhamis, na ji a waya, washegari na kamo bas da sassafe. Bayan an idar da Juma'a Baffa ya tsayar da mutane, muna jin sa ta lasifika daga tsakar gidan Inna. Ya yi 'yar nasiha a kan ladan dashe, yadda duk abin da ya ci daga itacen, mutum ne ko dabba ko tsuntsu, sadaka ce ga wanda ya dasa ko yana kabari. Ya faɗi sabon tsari, cewa kowa abin da ya dasa nasa ne. Bai ambaci shanu ba, bai ambaci ramuka ba. Ya ce shi dai gobe da hantsi zai fita gonarsa.

Da hantsi ina tsaye a ƙofar gidan Inna sai ga Baffa ya ɓullo daga lungunsu, limamin gari guda, da rawaninsa, ya rungumo tsohon bokiti da malmo a ciki, ganyen yana shafar gemunsa, manyan 'ya'yansa suna biye da sauran. Bai bi ta bayan gari ba, ta gaban rumfunan kasuwa ya bi, a hankali, yana amsa gaisuwa. Mutane suka yi cirko-cirko. Kowa ya gane dashen, kowa ya gane daga inda ya fito. Can sai na ga wani dattijo ya sulale ya shige gida, ya fito da tukunya a ka. Wani ya turo baro. Shugaban ƙungiya ya fito da nasa a kan babur yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Na dagaci kuwa a amalanke aka ɗauko su. Mata suka cika ƙofofi, wata ta saki guɗa, sauran suka karɓa, ni ma na manta da girman ofis na buɗe maƙogwaro. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan hantsin ba, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Mazan suna tafiya suna satar kallon kayan juna. Wani ya ce wa maƙwabcinsa ashe shanun sun biya ta gidanka kai ma, aka kwashe da dariya, kunya ta kau. Abin da kuma ba mu shirya ba, dashen da ya yi rani a inuwar katanga yana shan ruwan alwala ya fito da ƙarfinsa, ga ƙasa ta jiƙa tana jiran sa. Da yana nan inda muka dasa shi, da zafin bazara ya ƙone da yawa daga ciki.

Kawu yana mashaya da shanunsa, ya tsaya nesa, ya saƙala sanda a kafaɗa yana kallo. Baffa ya yi bisimilla ya dasa malmonsa a bakin gonarsa, ya danna ƙasa da ƙafa. Sannan ya ɗauki baure guda, mafi girma a cikin nasa, ya taka har inda Kawu yake, jama'a na biye. Ya yi masa sallama, ya roƙe shi gafara a gaban kowa, a gajarce, ba kwana-kwana. Sai ya miƙa masa bauren ya ce:

"Wannan na bakin mashaya ne. Kai za ka dasa, da hannunka. Jama'a ku shaida."

Babu wanda bai san abin da hakan yake nufi ba, dalilinsa ne ma kowa ya kwashe dashe ya kai gida. Aka dubi dagaci. Dagaci ya gyara tsayuwa ya ce ya shaida. Kawu ya dubi bauren, ya dubi hannuwansa. Kakanninsa sun shayar a nan, shi ma a nan ya tsufa, amma bai taɓa dasa ko tsinke a ƙasar garin ba, don bai taɓa zaton yana da inda zai dasa ba. Ya ajiye sandarsa a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban mutane ba, ya durƙusa. Bai iya riƙon fartanya ba, ramin ya fito a karkace, samari suna ta ba shi shawara, ya yi kunnen uwar shegu da su har ya gama. Na juya baya na share fuskata da mayafi.

Damina ta zo ta wuce, wasu suka biyo. Ba zan ce kogin ya koma yadda na san shi ina yarinya ba, wannan sai jikoki. Amma gaɓa ta daina zubewa duk inda jema ta kama, ruwan da ake ɗiba da rani ya fara nuna gindin ƙwarya, wasu masuntan sun ajiye rake sun gyara komarsu. Na ga zalɓe da idona a ƙarƙashin giyayyar shugaban ƙungiya, wanda yanzu in ka ji shi yana ba baƙi labari sai ka rantse shi ya haƙa kogin. Masu tallafi sun dawo sun ɗauki hotonsu, sun sabunta mana tallafin, suna kuma turo mutanen wasu garuruwa su ga yadda muka yi. In sun tambaye ni ta ina za su fara, nakan ce su fara da aika mace ta shiga gidaje ta gaishe da mata.

Kwanakin baya ina gida aka yi wani abu da sai da Inna ta sa aka kama ta ta fito ƙofar gida don ta gani. Akuyar wani manomi ce ta tsinke ta je ta gwaguyi ɓawon bauren mashaya. Kawu, wanda aka kusa kora daga gari bai buɗe baki ba, ya kamo akuyar da igiya, ya ja ta ta tsakiyar kasuwa har ƙofar dagaci, ya shigar da ƙarar ɓarna. Tun da aka kafa garin ba a taɓa jin Bafulatani ya kawo ƙarar dabbar manomi ba, mutane suka bar rumfunansu suka zo kallo. Dagaci ya danne dariyarsa, ya tambaye shi ɓarnar me aka yi masa, kuma a ina.

Kawu ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, itacena ta ci, a mashayata."

Dagaci ya dubi dattawa, ba wanda ya gyara wa Kawu ko kalma ɗaya. Aka sa mai akuya ya je ya yi wa bauren shinge da hannunsa, Kawu yana tsaye a kansa yana nuna masa da sanda inda bai toshe da kyau ba.